Abin da Hassana Mai Kitso Ta Gani a Ƙafar Inna Adda

An haifi Hassana a wani ƙauye kusa da Kiyawa a shekarar 1972. Ta koyi kitso a hannun kakarta, kuma bayan rasuwar mijinta da shi ta ciyar da 'ya'ya huɗu. Ba ta da rumfa. Gida-gida take bi da tsinke da mataji a ƙullin zane, har ta kai ga gidaje kusan talatin da ba sa miƙa wa kowa kai sai ita. Sana'ar tana da sharaɗi guda da ba a faɗa: mai kitso tana shiga har ƙuryar ɗaki, don haka abin da ta gani a can take barinsa. Shekara ashirin da shida Hassana ba ta karya shi ba.

Cikin masu jiranta akwai Inna Adda, tsohuwar da hankalinta ya fara gushewa, tana zaune a gidan ɗanta Yahuza. Tun farkon damina aka riƙa ce wa Hassana tsohuwar tana barci. Sai ana saura kwana biyu Babbar Sallah ta 2022 aka buɗe mata ɗakin, domin baƙi za su zo gaisuwa.

Gashin ya cukurkuɗe, sai da ta jiƙa shi da man shanu kafin ya tsefu.

"Ke Hassana, yakuwa kike tsinka ko kitso?" in ji tsohuwar.

"Yi haƙuri, Inna. Miƙe ƙafa ki huta."

Da ta miƙe ƙafar, zane ya janye. Idon sawun ya zama gyambo, zagaye guda kamar munduwa, ga kuma igiya ɗaure a ƙafar gado.

"Turkena ke nan," in ji Inna Adda tana dariya. "Wai don kada in shiga gonar mutane."

Hassana ta ƙarasa kitson layi-layi, ta wanke hannu, ta yi sallama, ta je gida biyu na gaba ta yi musu nasu.

Bayan Sallah ta tafi zauren mai unguwa, Malam Barau, ta durƙusa ta faɗa masa.

"Ikon Allah. An kira ki kai, me ya kai idonki ƙafa?"

"Ranka ya daɗe, ƙafar ce ta fito."

Ya ce Yahuza ba mugu ba ne, sau biyu ana tsinto uwar a bakin titin Dutse, kuma zai yi masa magana. Mako uku suka wuce. Da ta koma gidan Yahuza, aka ce tsohuwar tana barci.

Ranar wata Litinin ta hau babur zuwa ofishin walwalar jama'a. Jami'ar da ta saurare ta, Malama Mashkura, ta ajiye biro ta dube ta.

"Baba, ba za mu shiga gidan mutum da jita-jita ba. Kin yarda a ce ke kika gani?"

Hassana ta san amsar za ta shiga kowane gida kafin ita. Duk da haka ta ce, "A rubuta."

Washegari jami'ar da mai unguwa da wata ma'aikaciyar jinya suka shiga gidan. An kwance igiyar, an kai tsohuwar asibiti a Dutse, daga nan 'yarta Ruwaida ta ɗauke ta. Ba a kai Yahuza kotu ba. Inna Adda ta ƙara wata goma sha huɗu a duniya, ƙafar ta warke, ba ta ƙara gane kowa ba.

A Kiyawa babu wanda ya zagi Hassana. Ana amsa sallamarta, a ba ta ruwa, a ce yau kan bai shirya ba. Kafin kaka gidajenta sun koma biyar. Yanzu awara take soyawa a ƙofar gidanta daga la'asar. Idan maƙwabta suka tambaye ta ko ta yi nadama, takan juya awarar a cikin mai, ta ce ita ma ba ta sani ba tukuna.