Kundin da Ya Zo Mana da Kwale-kwale

Na daɗe ina aiki a sashen tsare-tsare na wata ƙaramar hukuma a ƙasar Gumel, kuma duk damina ni ake turawa ƙauyuka in dubo gidajen da ruwa ya rusa. Mu ba mu da kogi. Ruwanmu daga sama yake saukowa, ya cika kududdufai, ya kwanta a kwari, ya yi ta cin gindin katanga har ta zube.

Wata shekara aka ce kundinmu na shirin ko-ta-kwana ya tsufa, za a ɗauko ƙwararru daga birni su sabunta shi. Na yi murna, domin tun kafin a ɗauke ni aiki aka rubuta tsohon. Murnata ta ƙaru da na ga jagoran ƙwararrun. Abokina ne, ajinmu ɗaya a sakandare, ɗakin kwananmu ɗaya. A gidana ya ci tuwo ranar da ya iso, har ya tsokani matata cewa ta fi ni kirki.

Ni na yi musu jagora. Lokacin girbin gero ne, amma na roƙi dagacin wani ƙauye da ke kan hanyar Ɗanzomo ya tara mana mutane. Suka bar gonakinsu suka zo, saboda sun san ni. Wata tsohuwa ta ja mu har bayan gari ta nuna mana inda ruwa yake fara shigowa. Malamin tsangaya ya ce makarantar firamare a kwari take, ita ce ma farkon nutsewa, in ana neman mafaka sai dai tudun da ke gabas da masallaci. Abokina yana ta gyaɗa kai, abokan aikinsa suna ɗaukar hoto. Da za mu tafi dagaci ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko wannan karon maganarsu za ta isa inda ake so. Na ce masa na ɗaukar masa alkawari.

Bayan wata uku kundi ya iso, bangonsa sai ƙyalli. Na zauna a ofis na karanta shi daga farko. A shafin wannan ƙauye an rubuta cewa jama'a sun amince firamare ta zama mafaka. Gaba kaɗan na ga an ba da shawarar a tanadi kwale-kwale a bakin kogi. A wani wuri ma an manta ba a goge sunan wani gari na wata jiha ba. Hotunanmu ne kawai namu a ciki.

Na buga wa abokina waya. Ya yi dariya ya ce yara ne suka haɗa, kuma ai ba wanda yake karanta irin waɗannan kundaye. Na roƙe shi ya gyara kafin ranar gabatarwa, ya ce in kwantar da hankalina.

Ranar taro dagatai da kansiloli suka cika zauren. Ba a gyara ko harafi ba. Wani kansila ya miƙe ya tambayi inda koginmu yake, zaure ya ɗauki dariya. Abokina ya gyara tabarau, ya nuna ni da biro.

"Yallaɓai, mu baƙi ne. Duk bayanan ƙauyuka daga wajen jami'inku muka samo su."

Idanu suka juyo kaina. Na hangi dagacin nan a layi na biyu. Ya sunkuyar da kai yana kallon sandarsa. Na buɗe baki, shugaban taro ya ce lokaci ya ƙure, aka amince da kundi bisa sharaɗin za a yi gyara. Har na bar sashen ban ga gyaran ba, sai takardar jan kunne da aka saka mini a fayil.

Kafin damina na hau babur na koma ƙauyen. Na gaya wa dagaci abin da ya faru, na ce kada su bi abin da ke takarda. Ya saurare ni har na gama, ya sa aka kawo mini fura.

"Ɗana, da ma ba za mu bi ba," in ji shi. "Sai dai in ka sake zuwa da baƙi, ka bari mu gama girbi."

Bara mahaifin abokin nawa ya rasu, na je ta'aziyya. Abokina ya rungume ni, ya zaunar da ni kusa da shi, yana gaya wa mutane cewa ni ɗan'uwansa ne. Na yi addu'a, na shafa, na nemi takalmina.