Layin Waɗanda Ruwa Bai Dawo da Su Ba

Tun da jirgin ruwa ya kife da aminiyata, kullum ina zuwa ofishin agaji, ko za a ce an ganta. Yau benci ya cika, don haka ina tsaye a bakin ƙofa, bayan wata ma'aikaciya da ban sani ba.

Siririya ce, ta ɗaure ƙafar tabarau ɗinta da zare. Ba ta kallon kowa. Tana rubuta wa kwamfuta sharuɗɗan raba fasinjoji, leɓenta na motsi kamar mai lazimi: idan an tsamo mutum lafiya, a sa shi nan, in ba haka ba, idan yana asibiti, nan, in ba haka ba, idan an ga gawa, nan. Sai yatsunta suka tsaya cak.

Abokin aikinta ya leƙo. "Yaya, rufe da 'ya rasu' mana. Wanda bai shiga ukun nan ba, ai an san sauran."

Ta ce, "Ban yi musu wanka ba, ba zan binne su ba."

Ina jin ita ma ta taɓa jiran wani a bakin ruwa.

Ta ƙara layi na huɗu, ta danna. Sunayen fasinjoji suka fara gangarowa a fuskar kwamfutar. Ga sunan aminiyata, wadda ko kwata ba ta tsallakawa sai ta riƙe hannuna. A gabansa an rubuta "ana jira".

Matar ba ta waiwayo ba, ta ce, "'Yar'uwa, matsa daga bakin ƙofa, kada su iso su tarar an tare."