Mai Farin Mayafi a Bangon Rami

A shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki aka sako mini autana. Shekara biyu da wani abu ba mu san inda yake ba. Malamin makarantar boko ne, abin da aka ce ya yi kuwa wai wata takarda suka rubuta shi da abokansa. Ni ban ga takardar ba, ko na gani ma ba iya karatu na yi ba. Wata safiya dai aka yi sallama a zaure, na leƙa, na ga dogon mutum riga tana lilo a jikinsa. Sai da na ga kunnuwan ubansa na gane shi.

Ya dawo da hannuwansa da ƙafafunsa, amma bai dawo da bakinsa ba. In an gaishe shi ya ce lafiya, in an ba shi abinci ya ce to, shi ke nan. Ni kuwa duk unguwarmu ta Madabo an san ni da baki. Ranar suna ko biki aikowa ake yi a tafi da ni don in ba mata labari, kuma ban taɓa fara labari wata ta tashi ɗauko ruwa ba. Na zauna a ƙofar ɗakinsa na zuba masa duk labaran da yake yi mini kuka a kansu yana ƙarami. Ya dube ni kamar mai kallon ruwan sama. An yi masa rubutu ya sha, an yi sauka, an yi sadaka.

Bari in faɗi abin da nake tsoro, don a lokacin ko ga 'yan'uwansa ban faɗa ba. Ina budurwa an yi wani mutum a lungunmu da ya yi irin wannan shirun, wata uku, sannan aka tsamo shi daga rijiya. Gidanmu akwai rijiya. Na sa aka yi mata murfin katako mai nauyi, na ce saboda jikoki ne.

Sai ya tsiri fita. Kullum da hantsi ya sa hula ya fice, bai dawowa sai an kira azahar. Na yi murna kwana biyu, a na uku murnar ta koma fargaba, don ban san inda mutumin da ba ya magana yake zuwa ba. Na yafa mayafi na bi shi daga nesa. Muka ratsa lunguna, muka shiga Jakara, muka wuce dukawa da masu turare, har bakin kasuwar Kurmi. Can ya tsaya a wata 'yar rumfa da ake sayar da tsofaffin littattafan boko, an baza wasu a kan buhu a ƙasa. Bai gaisa da kowa ba. Mai rumfar ya miƙo masa wani littafi mai kauri ba tare da an tambaye shi ba. Ya tsuguna ya buɗe, ya kafe shi da ido. Ina laɓe bayan mai sayar da faifai har ƙafata ta yi sanyi, ban ga ya juya takarda ko ɗaya ba.

Da ya tafi na fito. Mai rumfar wani mutum ne mai ƙiba, yana cin gyaɗa.

Ya ce, "Sannu da zuwa, Hajiya. Na jika ake nema? Akwai na lissafi, akwai na Turanci."

Na ce, "Wanda mutumin nan ya ajiye nake nema."

"Malam? Kin san shi ne?"

"Na san shi tun bai san kansa ba. Miƙo."

Ya goge hannu a riga ya ɗauko. Ya ce, "Kar ki ga zane ki ce na yara ne. Tsohon littafi ne, a can ƙasarsu ma manya ke ɓoye irinsa. Labarin wani jarumi ne mai tashi sama, an haɗa shi tun daga farko har ƙarshe a bango ɗaya. A cikin dilar tsofaffin littattafai ya zo mini, guda ɗaya tak. Malam kullum wuri ɗaya yake buɗewa, har 'yar takarda na saƙala masa a wurin."

Na karɓa. Na juya shi ɗinkin ya koma hannun dama, yadda ake riƙe kowane littafi na mutunci, na buɗe.

Ya ce, "Hajiya, ai ba ta nan..."

Na ce, "Marigayi mijina shekara arba'in yana yi wa littattafan malamai bangon fata, ni ke shafa masa man. Kai ne za ka nuna mini ta inda ake buɗe littafi? Ci gyaɗarka."

Ya ci gyaɗarsa.

Rubutun ba ruwana da shi, 'yan ƙanana ne a cikin wasu fararen ƙwai da ke fita daga bakin mutane. Hotunan na bi, gida gida, daga dama. Farkon abin da na gani wani ƙato ne tsaye a kan bene mai tsawon da ban taɓa gani ba, kaya sun ɗame shi kamar fatarsa, rabin fuskarsa a rufe, ga wani farin mayafi yana kaɗawa a bayansa. A ƙasa jama'a sun ɗaga hannu. Na ce a raina, to, ga sarkin labarin, an fara da shi yana kan ganiyarsa. Na juya. Ga shi yana faɗa da wasu masu hular ƙarfe, yana ɗaga mota kamar ƙwarya. Na ci gaba, sai na ga ƙarfin yana raguwa, kayan suna yagewa, gemu ya fito masa. Sannan na zo inda aka saƙala takarda.

Hoto ɗaya ne ya cinye shafin duka, babu rubutu ko ɗigo. Rami ne mai zurfi, baƙi ƙirin, can sama ɗan haske kamar bakin tulu. Mutumin yana manne da bangon ramin, a tsakiya, yatsunsa na jini, tsumman farin mayafin na rataye a wuyansa. Na dubi ramin nan na ga rijiyarmu.

Haka na ƙarasa. Bayan wannan shafin yana ƙasan ramin, an sa masa sarƙa. Shafi bayan shafi yana zaune a duhu. Daga ƙarshe aka nuna makabarta, ana saka akwati a kabari, wata tsohuwa tana tsaye ita kaɗai ta rufe baki da hannu. A nan littafin ya ƙare mini. Farin mayafin nan kuwa na riga na gane shi, likkafani ne.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, ko a cikin wannan tsoron na san gwani ne ya yi aikin. Ya san inda ake gaggawa, sai ya yanka shafin ƙanana ƙanana, idonka na gudu. Ya san inda mai ba da labari ke yin shiru ta bar mata su ji bugun zuciyarsu, sai ya ba ka hoto ɗaya babba ya kame bakinsa. Ni na sha wuya kafin in koyi wannan shirun. Gwanintar ce ma ta ƙara tsorata ni, don labarin banza ba ya jan mutum. Wannan kuwa ya kama mini ɗa ya tsayar da shi a rabin rami, kullum yana zuwa yana duban sauran tafiyar.

Na ce, "Nawa?"

Ya faɗi kuɗin da zai yi turmin atamfa. Na ce, "Takarda ce fa, ba da jarumin za ka haɗa mini ba." Ya ce albarka. Na miƙe, ya ce in zauna. Muka ja har ya ce ya bar mini don girman furfura, na kwance bakin zani na ba shi. Da ya zo naɗe shi a jarida sai ya tsaya.

"Malam fa, in ya zo gobe?"

"Ka ce an saya."

"In ya ce wa ya saya?"

"Ba zai tambaya ba. Da yana tambaya ai da ban zo ba."

Na kawo shi gida a ƙarƙashin mayafi kamar kayan sata. Na rasa inda zan sa shi. Gida mai hoto mala'iku ba sa shiga, ga shi na shigo da hotuna ɗari. Jefarwa ba ta yiwuwa, don ban sani ba ko akwai sunan Allah a cikin rubutun, ko na Nasara ne. Na tura shi a babbar kwallar da ke ƙasan jerena na rufe, na ce zan ƙona shi in na sami sarari.

Washegari ya fita da hantsi. Ko rabin sa'a bai yi ba ya dawo. Ya shiga ɗaki ya zauna ya fuskanci bango. Rannan bai ce to ba da aka kai abinci. Kwana biyu bai fita ko zaure ba. A rana ta biyu na fito daga banɗaki na same shi tsaye a tsakar gida kusa da rijiya, ba ya yin komai, hannunsa ɗaya a kan murfin. Na ce masa ruwa yake so? Ya koma ɗaki. Ni da na ce zan raba shi da ramin takarda, ga shi na tura shi ga na gaske. Ban san ko in mayar da littafin ba ko in ƙona shi. Duk wanda na ɗauka a raina sai in ga shi ne zai kashe mini yaro.

A rana ta uku na yanke shawarar ƙonawa. Da hantsi na hura wuta a murhu, na ɗora tukunyar wake don kar a ce me nake ƙonawa, na ɗauko shi. Sai na ce bari in sake dubawa sau ɗaya. Ina da wani hali, ba na iya ganin labari bakina ya yi shiru. Ban san na fara ba, ashe ina faɗa a fili, ina juya takardun. Na ce ga shi a kan bene, duniya ta ba shi hannu. Na ce ga maƙiya sun taru. Na ce ga shi ƙarfi ya ƙare, ya kama bango yana sauka, yana sauka, ya san ba zai fito ba.

"Hawa yake yi."

Ban ji zuwansa ba. Yana tsaye a bayana, muryar ta dushe kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi. Na ƙanƙame littafin, ina jin zafin wutar a ƙaurina.

Na ce, "Sauka yake yi. Ga shi nan gaba an ɗaure shi, ga kabarinsa."

Ya tsuguna. Ya karɓi littafin daga hannuna a hankali, ya kifa shi, ɗinkin ya koma hagu. Ya ce, "Inna, nasu ta nan ake farawa. Daga ƙarshe kika faro."

Ya buɗe, sai ga makabarta a shafin farko.

Ya ce, "Akwatin ba kowa a ciki. An gaya wa mutanen gari ya mutu, suka binne akwati. Wannan uwarsa ce. Ita ba ta yarda ba."

Na ce, "To me ya sa ta rufe baki?"

"Don kar ta faɗa a ji."

Ya juya. Ga duhu, ga sarƙa. Ya bi da ni gida gida daga hagu, yana karanta abin da ke cikin fararen ƙwan yana mayar mini da Hausa. Na ga abin da ban lura da shi ba da farko, mutumin yana goga sarƙar a dutse, kowane shafi ta ƙara sirancewa. Muka zo babban hoton. Yatsun nan masu jini, ashe sama suke miƙe. Ni da nake taƙama da ido, ban duba yatsun da kyau ba.

Kunya ta kama ni, na ce, "Mutanen da ke fara littafi ta baya, ina za a gane musu." Bai yi dariya ba, amma gefen bakinsa ya motsa.

Na ce, "To tunda ka san ya fita, me kake tsayawa yi a nan kullum? Ka wuce mana."

Ya daɗe yana duban shafin. Waken ya fara kamawa, ina jin ƙauri, ban motsa ba.

Ya ce, "Na san ya fita. Yadda ya yi da ya fita ne ban gane ba. Shafi biyu kawai, sai ga shi yana magana da mutane." Ya shafa hoton da babban yatsa. "Namu ba rami ba ne, Inna. Ɗaki ne. Akwai wani dattijo da muka tarar a ciki, shi ya fara mutuwa."

Tatsuniya ba a yin ta da rana, kuma ni ban taɓa barin wani ya kai ƙarshen labari ban gyara masa ba. Ran nan na sauke tukunya na zauna a ƙasa. Ya yi magana har aka kira azahar, muka yi salla, ya dawo ya ci gaba har la'asar. Wani wurin ya tsaya ya daɗe, in ji kamar in cike masa, in danne harshena. Abin da na ji ya fi abin da na yi zato muni, kuma ya fi kabarin cikin littafin ban tsoro, don wannan ba ta inda za a juya shi ya zama wani abu.

Bai warke a ranar ba. Ya ɗauki lokaci kafin ya koma aji, kuma har yau in yana ɗaki ba a rufe masa ƙofa. Labaran da na sani duk na ba da su, wasu sau ɗari, na ƙara musu gishiri yadda na ga dama. Wanda ya ba ni a bakin murhu ban taɓa ba kowa ba, kuma a nan ma iyakar abin da zan faɗa ke nan.