Aƙilu da Dogon-Baron da Bai Hau Ba

Duk wanda ya taɓa noman albasa a kwarin da ke ƙasan Buza ya san Aƙilu mai amalanke. Shekara goma sha tara ya yi yana kwaso buhuna daga lambuna zuwa bakin titi, inda manyan motoci ke lodi. Bijimai biyu ke ja masa, Goje da Ɗan-Baƙi. Sawu biyu yake yi a wuni, uku in rana ta sassauta. A duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ya nemi ladansa kafin ya sauke kaya. In aka miƙa masa tun a lambu, sai ya ture hannun mutum ya ce, "Bari kaya su isa tukuna."

Abin da ya fara tayar masa da hankali shi ne dogon-baro, wato babur ɗin nan mai ƙafa uku da akwatin kaya a baya. Samari suka shigo da su kwarin, suna sawu shida kafin shi ya gama biyu. Abin da kawai ya rage masa shi ne tsadar esansi, wato man fetur: duk ranar da mai ya yi wuya, sai manoma su dawo suna neman shanu.

Wata ranar kasuwa ya je Madawa, ya biya ta shagon Sule. Sulen nan ba baƙo ba ne. Ɗan garinsu ne, rana ɗaya aka yi musu kaciya, a bukka ɗaya suka yi jinya. A ƙasarsu ta Adar kuwa abokin kaciya ya wuce aboki, ɗan'uwa ne wanda ba a jin kunyarsa kuma ba a yi masa ƙarya. Yanzu Sule ya zama dillalin babura, har da tumbi.

A ƙofar shagon Aƙilu ya ga wani koren dogon-baro. Yaron shago ya murɗa shi, ya tafi sumul, ba ƙara ba hayaƙi.

"Wanga hwa, mi yake sha?"

"Rana yake sha, baƙauye," in ji Sule yana dariya. "Batir gare shi. Ka aza fano, faifan ga mai kama rana, bisa ɗaki, rana ta cika maka shi, ka manta da esansi har abada. Kai kana nan kana bin gindin shanu."

"Shanun da sunka ciyar da kai duk sa'ad da kaz zo gida?"

Suka yi dariya, aka kawo shayi. Aƙilu ya zauna ya zayyana wa Sule yadda aikin kwarin yake: lambun wane ne ya fi albasa, wace hanya ce ba ta da rairayi, da yadda Alhaji Muntari, babban mai sayen albasa, kullum yake kukan rashin abin ɗauko kaya da wuri. Ya ce da wannan abu a hannunsa, shi kaɗai zai riƙe kayan Alhaji. Sule yana ji yana gyaɗa kai.

Aka yi ciniki, aka tsaya a miliyan ɗaya da jaka ɗari biyu, kowace jaka sefa dubu. Sule ya kama hannunsa ya ce, "Na sallama maka." Aƙilu ya laluba aljihu zai ajiye abansi, wato kafin alƙalami, kamar yadda kowane mai saye ke yi. Sule ya ɓata rai.

"Abansi? Tsakanina da kai? Ashe zagina kaz zo yi. Tahi ka saida shanunka, abinka na nan."

Aƙilu ya mayar da kuɗinsa, kunya ta kama shi. A hanyar gida har yana ganin laifin kansa.

Matarsa Zinariya ba ta so ba. Ta ce, "Malam, shanun ga su ne gonarmu. In an saida, mi ya rage?" Ya ce mata maganar Sule ce, ba ta wani ba. Bayan kwana biyu ma ya tarar tana ɗinka wa kujerar dogon-baron riga da ragowar atamfa.

Ya fara sayar da awaki ya sayi fano biyu, aka kafa a kan soro. Shanun ne suka ja lokaci. A kasuwar farko mahauta suka taya da daraja, ya ƙi. Ya ce dabbar da ta yi masa bauta shekara da shekaru ba zai miƙa ta ga wuƙa ba. Kasuwa ta biyu ma haka. Sai a ta uku ya samu wani manomi daga Garhanga mai neman shanun huɗa. Ya rage masa kuɗi, ya haɗa masa da amalanken, ya bi shi har bakin gari yana faɗa masa cewa Goje ba ya son a daka masa tsawa.

Da ya isa Madawa da kuɗinsa a ƙulle cikin rawani, ya tarar da cincirindo a ƙofar shagon. Farashi ya tashi. Ana cewa kaya sun yi wuyar shigowa, batir ya yi tsada, kuɗin duwan, wato kwastan, ya ƙaru. Wasu na zagi suna komawa kan masu shan esansi. Wasu kuma na rububin saye, wai kafin gobe ta fi yau. Aƙilu bai damu ba, shi nasa an riga an sallama. Sai dai ya duba inda koren yake tsayawa, ya ga wayam.

Sule ya ja shi gefe, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Ka yi hanƙuri, ɗan'uwa. Ka daɗe. Yanzu miliyan ɗaya da jaka ɗari takwas ne, kuma wancan an ɗauka."

"Ka ce ka sallama mini."

"Na ce. Amma ka aje wani abu? Ko dala ba ka aje ba. Kasuwa ba ta san baki ba."

"Ni na hana kaina ajewa, Sule?"

Sule ya ce zai rage masa jaka hamsin a kan wani in ya iso. Ya kira yaro ya kawo shayi. Aƙilu ya dubi kofin har ya huce, sannan ya tashi.

Bai san wanda ya saya ba sai da ya koma gida. Washegari da hantsi yana zaune a ƙofar gida, sai ga koren dogon-baro ya taso daga lambuna shiru kamar maciji, buhuna takwas a bayansa, ɗan Alhaji Muntari a kan kujera. Ta hanyar nan marar rairayi ya bi, wadda Aƙilu ya kwatanta wa Sule da bakinsa. Daga baya ya ji cewa Sule ne da kansa ya buga wa Alhaji waya.

Ya je Garhanga neman shanunsa. Manomin ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi fura, amma ya ce damina ta ƙarato, ba zai iya rabuwa da su ba. Goje ya ɗago kai da ya ji muryarsa. Aƙilu bai ƙarasa wurin turken ba.

Yau in ka je garin za ka same shi a rumfar ƙofar gidansa, wayoyin mutane jere a kan tabarma suna shan wutar fanon nan biyu. Ya sayi jaki da ƙaramin amalanke, yana ɗan kai taki gonaki. Rigar kujerar da Zinariya ta ɗinka ita ce shimfiɗar bayan jakin. Idan Sule ya zo gari da salla suna gaisawa, don ba a ƙin amsa sallama, amma ba su ƙara sa hannu a ƙwarya ɗaya ba.

Kwanan baya batirin koren ya mutu daidai ƙofar gidansa, da kaya niƙi-niƙi, motar lodi kuma tana shirin tashi. Ɗan Alhaji ya sauko yana roƙo.

"Baba Aƙilu, taimaka mini da wuta ko ta awa guda ce. In na kai kaya in dawo in sallame ka."

Aƙilu ya daɗe yana kallon abin, har ya kai hannu ya shafa ƙarfen akwatin. Sannan ya miƙa wa yaron tafin hannunsa a buɗe.

"Aje tukuna," ya ce.