Wayoyin da ke ƙafar Oga Sule

Da safen nan ina shirin fita ofis aka kira ni. An kashe Oga Sule jiya da la'asar, a bakin wata tashar mota a hanyar Karmo. Ba hatsari ba ne, mutane ne suka kashe shi da hannunsu.

Har yanzu na kasa ko shan ruwa.

Shi ne shugabana a ma'aikata kafin ya yi ritaya. Shi ya koya mini rubuta memo, wato takardar ofis, yana gyarawa da jan biro yana tsokanata: "Hadiza, wannan Turancin naki ko Bature sai ya nemi tafinta." Ranar da na haihu ya riga dangina zuwa asibiti.

Shekara shida yana fama da ciwon karkarwa. Rawar hannun ba ta dame shi kamar ƙafar ba. Yana cikin tafiya sai ta kafe, kamar an buga mata ƙusa.

Bara likitoci suka ɗaura masa wata 'yar na'ura a ƙugu. Wayoyi biyu ne suka bi ta cikin wando zuwa ƙasan gwiwa, suna ɗan tsikarar jijiya da lantarki, sai ƙafar ta ɗaga. Bai warke ba, amma ya daina jiran a riƙe shi.

Rabona da shi sati biyu, a bakin tafkin Jabi. Na miƙa masa hannu, ya ƙi. "Bar ni, 'yata, yau ni zan raka ki mota." Kuma ya raka ni.

Jiya ya ce shi kaɗai zai je garin Uke ta'aziyya. A ƙofar tasha, cikin cunkoso, ƙafar ta kafe. Ya ɗaga riga zai danna maɓallin na'urar, hannu na rawa. Wani ya hango wayoyi ya ƙwala ihu wai bam ne.

Aka rufe shi da duka: dutse, katako, rodi. Dattijon da ko gudu ba zai iya ba.

Wata mai sayar da lemo ta ce ta ji yana ta cewa, "Na asibiti ne, na asibiti ne." Ciwon ya riga ya cinye masa murya. Katin asibitin yana aljihun gaba, sai da suka gama aka duba.

Ku da kuka tsaya ɗaukar bidiyo, ku ji kunya ku goge. Masu dukan kuwa ban yafe ba, na bar su da Allah.

Ɗazu matar wani abokinsa mai ciwo irin nasa ta kira ni tana kuka. Mijinta ya cire tasa na'urar don tsoro, ya ce gara ya ƙare a kujera.

Allah Ya jiƙan Oga Sule, Ya karɓi shahadarsa, Ya ba matarsa Hajiya da yara haƙuri. Don Allah ku yi masa addu'a, ku haɗa da wancan bawan Allah da ya cire na'urarsa ya zauna yau.