Siginar Akori-kurar Kakanmu

Kakarmu Iya Tabawa sana'arta turara shinkafa, a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Da an idar da magariba sai mu zagaye murhunta, tururi na tashi daga ganga, tana tura ƙaiƙayi cikin wuta tana ba mu tatsuniya. Na dabbobin daji duk ina gane su. Guda ɗaya ce ta hana ni sakat.

"Ku matso, ga wata nan tafe," in ji ta. Wai an yi wani mutum mai tsohuwar akori-kura da ke kai tumatir Kano. Wani mai gyara ya haɗa masa wayoyin sigina a juye: in ya kunna hagu, dama ce ke ƙiftawa. Shekara da shekaru a haka, har kowa ya saba. Masu keke, masu amalanke, har masu kora shanu, in sun ga dama sun san hagu zai yi. Ko ƙwarzane ba a taɓa samu ba.

Rannan direbobin birni suka ishe shi da zagi, kunya ta kama shi, ya sa aka gyara. Bai gaya wa kowa ba. A kwanar kanal, hanyar ruwan noman rani, ya kunna dama. Amininsa na biye da shi a keke, ya ɗauka hagu zai yi, ya kutsa ta dama. Sai ga shi tsundum cikin ruwa, ƙafa a karye.

"To Iya, wa ke da laifi?"

"Mai gyaran farko mana."

Washegari ta ce mai motar ne. Wata rana kuma mai keken, don me zai yarda da fitila? Na ce ai jiya ba haka kika faɗa ba.

"Kai angona, ka cika tambaya kamar alƙali. Miƙo min ƙaiƙayi."

Haushi nake ji sosai. Gyaran ne laifi, ko barin abu a lalace?

Sai bayan rasuwarta aka gaya mini motar ita ce wadda ke kwance ƙarƙashin darbejiyar gidanmu, mutumin kuwa kakanmu ne. Bara na tada ta, na kai wa mai wayarin a Kura, ya zare tsofaffin wayoyi, ya sa sababbin ƙwayaye masu haske. Na gwada ya fi sau goma: hagu hagu, dama dama.

Ranar da na fara fita da ita, a kwanar nan ta kanal, na kunna dama. Ta madubi na hango wani dattijo ya sauka daga kekensa, ya ja shi gefe yana ɗingishi, ya tsaya cik. Na leƙo.

"Baba, kada ka damu, an gyara ta. Yanzu daidai take."

"Na sani, ɗan nan. Ranar da ta karya ni ma daidai take."

Har yau ban san wa ke da laifi ba, ina jin Iya ma ba ta sani ba. Ni dai tun ranar, ko na kunna sigina sai na fito da hannu.