Bobboi da Ɗan Farinsa

Bobboi mutumin Sorau ne, amma a unguwar Lokuwa ya tsufa, katanga ce kawai tsakanin gidansa da nawa. Dillancin shanu yake yi a tike, kasuwar dabbobi. An haife shi da tsagaggen leɓe, ba a ɗinke ba sai da ya zama saurayi. Ɗan farinsa Mahmoud ma haka ya zo duniya. Dangi suka ce alamar gida ce, aka bar zancen.

Bafulatani ne na gaske, ba ya cin abinci a gaban mutane. In na ce masa bismilla, sai ya ce, "Ci abinka, Kaɗo, mu ba a ganin bakinmu yana motsi." Shi ya sa ba wanda ya lura lokacin da ci ya fara gagarar sa. A ɗaki ake kai masa kwano, ya yi 'yar loma, sauran ya watsa wa kaji. Sai da riga ta yi masa yawa na matsa masa da tambaya. Ya ce olsa ce. Ya daɗe yana shan maganin olsa.

Ni na raka shi asibiti. Bayan gwaje-gwaje likitar, Dakta Janet, ta ce ciwon daji ne a tumbi, kuma ya riga ya bazu. Ta dubi tabon leɓensa, ta tambaye shi me ya yi ajalin mahaifiyarsa. Ya ce ciwon ciki. Ƙanwarsa fa? Ciwon ciki.

Ta ce, "Baba, jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne, kuma akwai wani abu kamar danƙo da ke manne su da juna. Yadda jiki ke yin danƙon gadonsa ake yi. In ya zo da rauni, tun a ciki leɓen jariri kan ƙi haɗuwa. In an girma kuma, ƙwayoyin cutar sai su saki juna su watse cikin jiki. Ba kowane mai irin leɓen nan ba ne, amma gidanku ya sa ni zargi. Ka gaya wa Mahmoud ya je Yola a leƙa cikinsa da na'ura tun yana da lafiya."

To nan gizo ya yi saƙa. Bobboi bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba, bai taɓa zama ya yi magana da shi ba. "Wancan" yake ce masa.

Na ce, "Bobboi, kunya ce za ta ci yaron nan?"

"Kai ka gaya masa."

Na je na samu Mahmoud a tasha, yana jiran fasinja a kekensa. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Baffa Mato, ni lafiyata ƙalau. Likitoci ba sa rasa abin faɗa. Da abin ya kai haka, ai da shi ma ya ce wani abu."

Na koma wa uban, ya ce ai na isar. Na koma wa ɗan, ya ce bai ji daga gida ba. Damina ta wuce ina kai da kawowa tsakanin mutum biyu da ke kwana gida ɗaya. Ni ba mai faɗa ba ne, amma ran nan na gaji. Na kamo hannun Mahmoud na shigar da shi ɗakin uban, na zaunar da shi bakin ƙofa.

Na ce, "Ga shi nan. Ba na tashi."

Bobboi ya juya fuska bango. Muna zaune har aka kira la'asar. Sannan ya ce, "Mato, ka gaya wa wancan ya je Yola. In bai je ba, ban yafe ba."

"Yana jin ka."

"Da kai nake magana."

Mahmoud ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baffa, ka ce masa na ji."

Ya tafi Yola ranar Litinin, aka ce ya komo wani watan, layi ya yi tsawo. Kafin ranar ta zo muka kai Bobboi makwancinsa. Mahmoud ya koma, an leƙa, ba a ga komai ba. An ce ya riƙa zuwa duk shekara, kuma yana zuwa.